Kwalba Mai Shuɗin Murfi

A layin shagunan da ke bayan tasha akwai wani mai gyaran fanka wanda sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni, yaro da babba Ai-Na-Sani suke ce masa. Shi ya jawo wa kansa. Ka ce masa mota ta faɗi a kan gada, ai ya sani. Ka ce masa matarka ta sauka, ai ya sani, tun daga tafiyarta ya gane namiji ne, ko da kuwa mace aka samu. Fankar da aka kawo masa tana juyawa a hankali takan koma gida ba ta juyawa sam, amma in ka saurari bakinsa sai ka rantse injiniya ne da ƙasa ta yi asara.

Shagon da ke manne da nasa na Mai Aski ne, dattijo mai sanyin hali wanda bai iya musu ba. A benci ɗaya suka tsufa, kuma ciwo ɗaya ya kama su, ciwon gwiwa. Kowannensu da sandarsa. Sandar nan ita ce baƙin cikin Ai-Na-Sani, ba don nauyinta ba, sai don ta mayar da shi daidai da Mai Aski. In suka jero da yamma suna ɗingishi, mutanen layi sukan ce ga tagwaye nan tafe. Shi kuwa duk burinsa a duniya bai wuce layin nan ya yarda, ko sau ɗaya ne, cewa shi da Mai Aski ba ajinsu ɗaya ba.

Ana nan sai ga wata matashiyar likita daga jami'a tana neman dattawa masu ciwon gwiwa. Digiri na uku take yi, bincikenta a kan wani sabon magani ne. Layin bai jira ta gama karatun ba, nan take ya laƙaba mata Dakta. Ta tara waɗanda suka yarda a wani ɗaki na asibitin jami'a, ta yi musu bayani dalla-dalla.

"Iyayena, kwalaben iri biyu ne," in ji ta. "Akwai mai farin murfi, akwai mai shuɗi. Ɗaya maganin gaske ne, ɗayan kuma garin sitaci ne kawai aka dunƙula, ba ya cutarwa, ba ya warkarwa. Ƙwayoyin ciki kamanninsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya. Ku ba za ku san wanne ne wanne ba, ni ma ban sani ba, sai ranar da aka gama."

"Ai na sani," in ji Ai-Na-Sani.

"Me ka sani, Baba?"

"Ci gaba dai, 'yata. Ina biye da ke, in kin yi kuskure zan gyara."

Dakta ta yi murmushi irin na wadda ba ta san da wa ta haɗu ba. Ta ce roƙonta ɗaya ne, kowa ya sha nasa, ban da musanye, ban da sam wa maƙwabci. Duk wata za a zo a ɗebi jini, a karɓi sabuwar kwalba. Aka yi rabo. Ai-Na-Sani ya tashi da farin murfi, Mai Aski da shuɗi.

Suna komawa benci ya ɗauki kwalbarsa ya girgiza a kunne, ya shinshina, ya ɗaga ta saitin rana. Ya karɓi ta Mai Aski ya yi mata haka. Sai ya ja dogon tsaki.

"Maƙwabci, an cuce ni."

"Wa ya cuce ka kuma?"

"Ka san kafasita, ɗan abin nan da ke tayar da fanka? Ta asali shuɗiya ce. Farar jabu ce, kwana kaɗan ta ƙone. Duk kamfanin duniya haka yake yi, abu mai daraja shi ake ɓata wa fenti. Wane mahaukaci ne zai rufe maganin gaske da farin murfi?"

"Dakta ta ce ita ma ba ta sani ba."

"Ita ce ba ta sani ba. Ni na sani."

"To, sai haƙuri. Rabonka ke nan."

"Wane irin rabo? Kai me za ka yi da gwiwa? Kana tsaye wuri ɗaya kana zagaya ƙeyar mutane. Ni ke hawa tebur ina ɗaura fankar sama. Ranar da na faɗo, alhakina a wuyanka."

Haka ya bi bawan Allahn nan da mita safe da yamma. Yana aski yana jin ta, yana cin abinci yana jin ta, har rannan ya kusa guntule wa wani kunne. A ƙarshe ya miƙa masa kwalbar ya ce, "Ungo, don girman Allah ka bar kunnena ya huta." Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk wata in sun fito daga ɗibar jini sai su laɓe a bayan katangar asibiti kamar masu cinikin kayan sata, farin murfi ya koma aljihun Mai Aski, shuɗi ya shige na gwani.

Tsakani da Allah, ya ɗan ji dama a farko. Mutumin da ya yarda da kansa irin haka, ko ruwan famfo ka ba shi ka ce magani ne sai jikinsa ya ji kunyar ƙaryata shi. Ba a jima ba ya tara layin a ƙofar shagonsa, Tela da mai faci da mai sayar da katin waya, ya ɗora sandarsa a kan benci, ya ɗauko zarto.

"Ku shaida, daga yau ni da sanda har abada."

"Malam, ka ajiye ta a lungu mana," in ji Tela. "Ba ta cin abinci."

"Mai shakka shi ke ajiya."

Ya ja zarto da ƙarfin hali yana kallon jama'a maimakon kallon aiki, ya raba sandar biyu, ya zarce cikin bencin bai lura ba. Tela ya zauna don ya huta da dariya, bencin ya ɓalle da shi. Ai-Na-Sani ya dube shi a ƙasa ya ce ai ya sani, katakon dama ba na asali ba ne.

A waje ke nan. A gida kuwa matarsa ce ta san gaskiya, don ita ke dafa ruwa tana gasa gwiwar da tawul, ita ke jin nishi duk sanda zai tashi daga tabarma.

"Malam, wannan ƙafar kumbura take yi."

"Maganin ne ke aiki. Yana tattaro ciwon wuri ɗaya kafin ya fitar da shi."

"Ta ina zai fita?"

"Ke dai gasa. Harkar kimiyya ce."

Shi kuwa Mai Aski bai ce wa kowa komai ba. Wata rana dai aka ga sandarsa a rataye a ƙusar da yake rataye tawul, kuma ba ta sake saukowa ba. Ya koma zuwa shago da ƙafa, har yana tsallake kwata. Abin ya tsaya wa Ai-Na-Sani a rai ƙwarai.

"Sitaci ne ke yaudararka," in ji shi. "Tunanin zuci ne kawai. Ranar da ya sake ka, kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Allah ya sa kada ya sake ni," in ji Mai Aski, ya ci gaba da wasa askarsa.

Aka gama shan magani, aka daina ɗibar jini, Dakta ta yi shiru har layin ya fara mantawa da ita. Kwatsam sai ga saƙo a wayar duk waɗanda suka shiga binciken. Dakta ta gama digirinta. Ba wannan kaɗai ba, cikin duk binciken digiri na uku da aka yi a fannin lafiya a wannan shekara, nata aka zaɓa a matsayin wanda ya fi fice, za a ba ta lambar yabo a babban zauren jami'a, kuma tana gayyatar iyayenta da suka ba da gwiwoyinsu.

Ai-Na-Sani ya sa aka karanta masa saƙon, ya sa aka maimaita, sannan ya miƙe yana dafa bango.

"Lokaci ya yi."

"Lokacin me?" in ji matarsa.

"A jikin wa aka yi binciken? Jinin wa aka kwasa? Wa ya gano maganin gaske tun ranar farko, alhali mai digirin da bakinta ta ce ba ta sani ba? Yarinyar ta yi ƙoƙari, ban hana ba, ta yi rubutu. Amma lambar nan rabinta tawa ce. Zan hau dandamali in faɗa musu abin da na yi, in tsuguna in tashi a gabansu. Su da kansu za su ce a raba."

"Malam, gayyatar zama aka yi maka, ba ta magana ba."

"Irina ba ya zuwa taro ya zauna."

"Irinka kuwa ba ya tsugunawa ya tashi. Ni ce shaida."

Bai saurare ta ba, ya wuce wurin Tela ya ce a ɗinka masa rigar digiri, baƙa, mai faɗin hannu, irin wadda yake gani a hoto. Tela ya kawo yadi mai kyau, ya ce ya yi tsada. Da kansa ya shiga kasuwa ya zaɓo wani baƙin yadi mai sheƙi.

"Malam, wannan yana zuba," in ji Tela yana murza shi a yatsa. "Dubi hannuna."

"Ƙura ce. Ni za ka koya wa yadi?"

Hular ma shi ya tsara ta. Ya yanko murfin kwalin fanka mai kusurwa huɗu, Tela ya lulluɓe shi da ragowar yadin, aka liƙa a kan tsohuwar hula, aka rataya igiyar labule a gefe. Ya bi layin shago-shago yana cewa kowa ya rufe ranar, a zo a ga yadda ake karrama ilimi. Suka ce za su zo. Wa zai bari wannan ya wuce shi?

Ranar taro ya sa farar riga a ciki, ya ɗora baƙar a kai, kwalba mai shuɗin murfi a aljihu. Zauren yana can saman bene. Matarsa da Tela da sauran 'yan layi suka nufi lifta, na'urar da ke hawa da mutane sama. Shi ya tsaya a gindin matakala ya harɗe hannu.

"Lifta ta masu farin murfi ce. Maƙwabci, shiga, kada sitacinka ya ƙare a hanya."

Mai Aski ya ce bari dai ya raka shi. Hawa na farko Ai-Na-Sani ya yi shi yana bayani a kan jijiyoyin ƙafa. A na biyu bayanin ya ragu. A na uku ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu yana jan jiki, yana cewa yana duba ingancin walda ne. Mai Aski yakan riga shi kaiwa sama, ya tsaya ya jira shi, ya kawar da kai don kada ya ga an gani. Kafin su kai ƙofar zaure gumi ya jiƙe shi sharkaf, yadin nan kuma ya fara abin da Tela ya faɗa.

Wani ma'aikaci a bakin ƙofa ya ga baƙar riga da hula, bai tsaya duba fuska ba, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, manyan malamai gaba suke." Ai-Na-Sani ya waiwaya ya tabbatar 'yan layi sun ji, sannan ya taka har sahun farko ya zauna kusa da wani malami mai tabarau da farar shadda.

"Sannu da zuwa," in ji malamin. "Daga wane sashe?"

"Ni ba ni da sashe ɗaya. Duk inda abu ya lalace nan ake kira na."

Ya dafa kafaɗar malamin don ya nuna sun saba. Da ya ɗauke hannu, yatsu biyar baƙi ƙirin suka zauna a kan farar shaddar. Malamin ya dubi kafaɗarsa, ya dubi mutumin, ya ce cikin sanyin murya, "Malam, ka ga wuyanka kuwa?"

Ya shafa wuya ya duba. Baƙi. Ya goge goshi, ya ƙara baƙi. Farar rigar ciki ta koma kalar ruwan wankin tukunya. Ya miƙe da sauri yana tambayar ina banɗaki, daidai lokacin da Farfesa, shugaban taron, ya kira Dakta ta hau ta yi bayanin aikinta.

A banɗaki ya tara ruwa ya watsa a fuska, rinin ya samu abin da yake nema, ya gangaro har gemu. Ya sunkuya don ya cuɗa da sabulu, hular ta zame ta faɗa cikin ruwan. Ya tsamo ta, ya matse, ya mayar kai. Kwali dai kwali ne, kusurwoyin nan huɗu suka saki jiki suka rataya, biyu a kan kunnuwa, ɗaya a ƙeya, ɗaya a goshi. Ya daɗe a gaban madubi yana ɗaga su suna komawa.

Ga abin da ya wuce shi a zaure. Dakta ta nuna hotunan kwalaben a bango, ta ce da aka buɗe sirrin, mai farin murfi shi ne maganin gaske, mai shuɗi kuwa sitaci ne. Ta nuna yadda masu farin suka samu sauƙi. Sannan muryarta ta sauya, ta ce akwai abin da ya kusa kashe aikin gaba ɗaya. Jinin mutum biyu ya ƙi bin lissafi. Wanda aka ba magani, babu ko ɗigon magani a jininsa. Wanda aka ba sitaci, jininsa cike da magani. An zargi injin gwaji, an zargi mai gwajin, an sake duba jinin kowa daga farko, digirinta ya yi jinkirin kusan shekara, har ta yi kuka a ofishin malaminta. Har yau, in ji ta, ba ta san abin da ya faru ba.

A sahun baya Mai Aski ya nutse cikin kujera. Matar Ai-Na-Sani, wadda ta daɗe tana ganin shuɗin murfi a kan tagarta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tela kuwa ya gyara zama.

Tafi ya tashi. Ai-Na-Sani ya jiyo daga banɗaki, ya ce a ransa an fara nemansa. Ya shigo zaure ta tsakiya, fuska baƙa, hula a lanƙwashe, yana ɗingishin da shi a ganinsa takun ƙasaita ne. Matarsa ta miƙo hannu ta cafke hannun rigar.

"Malam, don Allah zauna. Akwai maganar da ba ka ji ba."

"Ba maganar da ban sani ba."

"Wallahi wannan ba ka san ta ba."

Ya fizge. Hannun rigar ya zauna a hannunta, shi ya yi gaba da sauran. Farfesa na miƙa wa Dakta lambar, mai hoto na shirin ɗauka, sai ga mutum ya hawo dandamali da rarrafe a matakalar ƙarshe, ya miƙe, ya zare makirufo daga mariƙinsa.

"Jama'a, a dakata da hoto, mai rabin lambar ya iso."

Masu gadi suka taso. Dakta ta gane shi duk da rinin, ta ce a bar shi, cikin iyayenta ne da suka shiga binciken. Da ta san abin da ke tafe da ba ta yi wannan kirkin ba.

"Na gode, 'yata. Yarinyar nan tana da ladabi, kuma ta yi ƙoƙari daidai ƙarfinta. Amma ku tambaye ta, ranar farko ba da bakinta ta ce ba ta san wanne ne maganin gaske ba? To ni kallo ɗaya na yi na gane." Ya zaro kwalbar ya ɗaga sama. "Ga shi. Shuɗin murfi."

Zauren ya yi tsit. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

"Kuma ba shi aka ba ni ba. Kuskure aka yi aka ba ni fari, aka ba wani mai aski shuɗi. Ga shi can yana ɓoye kai, kunya ce da shi. Ni da na ga aikin yarinya zai lalace, ban tona mata asiri ba, na gyara a ɓoye. Duk wata muna fita sai in karɓe shuɗin in ba shi farin. Ba don ni ba, da wa zai tabbatar maganin nan yana aiki?"

Dakta ta ajiye lambar a kan tebur a hankali.

"Baba," in ji ta. "Kai ne?"

"Ni ne, 'yata. Ba sai kin yi godiya a nan ba."

"Duk wata?"

"Ban taɓa fashi ba."

Mai gwajin jinin nan ya miƙe daga tsakiyar zaure yana nuna shi da yatsa. "Ni aka ce ban iya aiki ba. Ni aka sa na kwance inji na wanke. Ashe ga injin da ya lalace." Na kusa da shi suka ja shi ya zauna.

Dakta ta ja numfashi. Idonta ya kawo ruwa, kuma ba na daɗi ba ne.

"Baba, yanzu na gama faɗa wa zauren nan. Farin shi ne magani. Abin da ke hannunka sitaci ne. An ba ka maganin gaske, ka ɗauka da hannunka ka ba maƙwabcinka."

"Ai na..." Bakin ya buɗe don ya ƙarasa kamar yadda ya saba, kalmar ta maƙale. Ya dubi kwalbar, ya dubi hoton da ke bango har yanzu, farin murfi a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan da rubutu a ƙarƙashi. Dariya ta fara tasowa daga baya, ya gane muryar Tela a ciki. Nan zuciya ta ɗebe shi.

"Ƙarya ne. An juya takardun ne. Sitaci ne zai yi wannan? Ku buɗe ido."

Ya tattare abin da ya rage na riga, ya tsuguna gaba ɗaya. Makirufon na hannunsa daidai gwiwa, saboda haka ƙarar da ta yi, ƙas, har sahun ƙarshe an ji ta a lasifika. Saukar ta yi kyau, ba laifi. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, hular ta faɗo ta rufe masa ido. Ya miƙa hannu ya kama rigar teburin manyan baƙi ya ja, robobin ruwa suka gangaro kansa ɗaya bayan ɗaya, Dakta ta yi wuf ta cafe lambarta kafin ta bi su.

Zauren ya kece. Malamin nan mai yatsu biyar a kafaɗa har da cire tabarau yana share hawaye. Farfesa ya jira aka ɗan lafa, ya sunkuya kan nasa makirufon, fuskarsa ba alamar wasa.

"Na daɗe ina shugabantar irin wannan taro, ban taɓa ganin an kawo wa alƙalai hujja har kan dandamali ba. Wannan shi ne sakamakon shuɗin murfi, kun gani da idonku. Ko akwai mai farin a kusa?"

Mai Aski ya taso, ba don yana so ba. Ya bi tsakiyar zaure kansa a ƙasa, ya hau matakalar dandamalin ba tare da ya dafa komai ba, aka bi shi da tafi yana ƙara sunkuyar da kai. Ya fara tsayawa gaban Dakta.

"'Yata, ki yafe mini. Na san kin hana. Mita ce ta fi ƙarfina."

"Na yafe, Baba. Ko ba komai yau zan yi barci, na san ba ni ce na haukace ba."

Ya juya ya sa hannu a hammatar maƙwabcinsa. Ai-Na-Sani, yana tsugune cikin ruwa da rini, ya ɗago kai ya dubi Dakta, muryarsa ta koma ƙarama.

"Amma dai sunana yana cikin littafin?"

"Ba a sa sunan kowa, Baba. Kuma ku biyun cire ku muka yi. Ba a lissafa da ku ba ko kaɗan."

Mai Aski ya ɗaga shi cak. A lifta aka sauko da shi, matarsa na riƙe da hannun riga a hannu ɗaya, jiƙaƙƙen kwali a ɗayan.

Ya kwana biyu bai leƙo layi ba. Ranar da ya fito, bango yake bi, daga ƙofar wannan shago zuwa ta wancan, kowa na yi masa sannu da wata irin murya mai ladabin da ya fi zagi ciwo. Tela ya leƙo ya tambaye shi ko a mayar da hannun rigar, ko za a sake kiran sa wani taron. Ya kai bencin da aka ɗaure da waya, ya zube, gumi na tsiyaya.

Mai Aski ya gama da kan da ke gabansa, ya karkaɗe tawul. Sai ya miƙa hannu ga ƙusar nan, ya sauko da sandarsa, ya goge mata ƙura, ya fito ya jingina ta a jikin bencin.

"Ungo, maƙwabci. Musanye muka saba. Ni na sha maganinka, kai ka riƙe sandata."

Ai-Na-Sani ya daɗe yana hararar ta. Da yamma ta yi aka rufe shaguna, ya waiga hagu da dama, ya ɗauka. Suka kama hanya, Mai Aski a gaba yana rage sauri don ya jira shi, shi a baya yana dogarawa. Mutanen layi suka bi su da kallo har suka sha kwana. Burinsa dai ya cika, tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce musu tagwaye.